Masu kuɗin Chaina: me ke hana su barci, me ke kwantar musu da hankali?

Duk wanda ya taɓa zuwa Guangzhou ko Yiwu saro kaya, ko yake hulɗa da su ta WeChat daga Kwari ko Wambai, ya san halin mutanen nan. Ƙarfe biyun dare ka tura saƙo, kafin ka ajiye waya an ba ka amsa, har da hoton kaya da sabon farashi. Shi ya sa da yawanmu muke ɗauka ɗan Chaina inji ne, ba ya gajiya, ba ya damuwa, kuɗi kawai yake ƙirgawa. To ba haka ba ne. Akwai abubuwan da ke cin su a rai sosai, kuma abin mamaki ba yawan aikin ba ne kan gaba. Ni a nawa ganin abu biyu ne ke yanke hukunci kan ko mai kamfani a Chaina zai samu kwanciyar hankali ko ba zai samu ba: na ɗaya, in kamfaninsa ya faɗi shin shi ma ya faɗi ke nan har abada? Na biyu, dokar da ya kwana a kanta yau, ita zai tashi ya tarar gobe? Sauran duk rassa ne.

Sai an ɗan koma baya kafin a gane tsoron. Sana'ar kafa kamfani mai zaman kansa a Chainar kwaminisanci ba ta kai shekara 50 ba, sai bayan gyare-gyaren jagoran ƙasar Deng Xiaoping na 1978 aka fara sakin mara. Ko a lokacin ma da sharaɗi, mai ƙaramar sana'a bai isa ya ɗauki ma'aikata fiye da bakwai ba, in suka kai takwas to ya zama ɗan jari-hujja mai shan jinin talaka. Akwai wani mai soya 'ya'yan kankana da na furen rana a garin Wuhu na lardin Anhui, Nian Guangjiu, da kasuwa ta buɗe masa ya ɗauki sama da mutum 100 aiki, magana ta kai har teburin Deng, shi ne ya ce a ƙyale shi. Duk da haka an kama shi a 1989, bai shaƙi iskar 'yanci sosai ba sai 1992 da Deng ya sake ambatonsa a rangadin da ya yi a kudancin ƙasar. A Wenzhou kuma a 1982 aka bi manyan 'yan kasuwar garin su takwas da kame bisa zargin cin ƙazamar riba, bayan shekara biyu aka wanke su. Sai 2001 aka yarda ɗan kasuwa ya shiga jam'iyya, sai 2004 aka rubuta kare dukiyar mutum a kundin tsarin mulki. Wato dattijon da ke da masana'anta yau ya ga duk wannan da idonsa, ya san ƙofar da aka buɗe ana iya rufe ta. Ga kuma tsohuwar al'adarsu da ta jera mutane huɗu, malami ma'aikacin sarki a sama, sai manomi, sai mai sana'ar hannu, ɗan kasuwa shi ne na ƙarshe. Mu da muka taso muna ganin attajiri a sahun gaba a masallaci da wajen ɗaurin aure sai abin ya zo mana banbarakwai.

Amma fa su ne ke riƙe da ƙasar. Gwamnatin da kanta takan faɗa, kamfanoni masu zaman kansu su ke kawo sama da kashi 50 na haraji, sama da kashi 60 na tattalin arziki, sama da kashi 80 na ayyukan yi a birane. A 2014 ma firaminista Li Keqiang kira ya yi kowa ya fito ya kafa sana'a, matasa suka yi ta barin aiki suna buɗe kamfanoni.

To bari mu shiga maganar bashi, don nan ne ciwon yake, kuma nan zan fi daɗewa.

Manyan bankunan Chaina na gwamnati ne, kuma sun fi sakin jiki su ba kamfanonin gwamnati rance, don in an kasa biya ba wanda zai tuhumi manajan. Ƙaramin mai masana'anta in ya je neman rance sai a ce ya kawo jingina, ya ajiye takardar gidansa, sannan ya sa hannu cewa shi da kansa ya tsaya wa kamfanin, sau da yawa har matarsa sai ta sa hannu. Ka ga ke nan a takarda kamfani daban mai shi daban, amma a zahiri ba wani shinge, ranar da kamfani ya durƙushe gidan da yara ke kwana ma ya tafi. Wanda ba shi da jingina kuma sai ya nemi abokinsa mai kamfani ya tsaya masa, shi ma ya tsaya wa wancan, wancan ya tsaya wa wani, kamar awakin da aka ɗaure da igiya ɗaya a bakin rijiya, ɗaya ta zame sai ta ja saura. Abin da ya faru a Wenzhou ke nan a 2011. Bankuna suka matse, mutane suka koma wajen masu ba da bashi da ruwa mai tsada a bayan fage, da abu ya fashe masu masana'antu da dama suka cika wandonsu da iska cikin dare suka bar ma'aikata ba albashi, wasu suka kashe kansu. Hu Fulin, mai ɗaya daga cikin manyan kamfanonin gilashin ido na garin, sai da ya tsere Amurka kafin ya dawo, har firaminista Wen Jiabao ya taka da kansa zuwa garin a watan Oktoba na shekarar.

Kuma shi kansa karɓar kuɗi a hannun jama'a yana iya zama laifi babba. Wu Ying, wata matashiyar 'yar kasuwa a lardin Zhejiang, hukuncin kisa aka yanke mata a 2009 kan tara kuɗin mutane ta hanyar damfara, ƙasar ta ɗauki surutu, 'yan kasuwa da yawa suna ganin abin da ta yi bai yi nisa da abin da kowa ke yi ba, sai a 2012 kotun ƙoli ta ƙi amincewa da kisan. Banki ya ƙi ba ka, ka karɓa a waje kuma kana taka layin da ba ka san iyakarsa ba, ina kwanciyar hankali a nan?

Sai kuma abin da ke biyo bayan faɗuwa. Tun 2013 kotun ƙolin Chaina take da jerin sunayen waɗanda kotu ta ce su biya bashi ba su biya ba, kowa na iya dubawa a intanet. Wanda kotu ta sa wa takunkumi ba zai sayi tikitin jirgin sama ba, ba zai hau jirgin ƙasa mai gudun nan ba, ba zai sauka a babban otal ba, ba zai sa ɗansa a makarantar kuɗi mai tsada ba. A ƙarshen 2023 sunayen da ke jerin sun haura miliyan 8. Niyyar dokar mai kyau ce, a kama masu kuɗin da ke ɓoye dukiya suna cin haƙƙin mutane, amma tana haɗawa da wanda kasuwa ce kawai ta juya masa baya. Kuma ka duba rikicin, an ce mutum ya biya bashi, sannan an hana shi tafiye-tafiyen da zai nemo kuɗin, wa zai ƙulla ciniki da wanda sunansa ke allon kunya? Luo Yonghao, wanda ya kafa kamfanin waya na Smartisan, ya tashi da bashin wajen yuan miliyan 600, kotu ta sa masa takunkumi a 2019. Shi da yake yana da baki kuma sananne ne, a Afrilun 2020 ya koma tallar kaya kai tsaye a Douyin, wato TikTok ɗin Chaina, yana sayar da komai da komai, da haka ya riƙa biya har ya ci ƙarfin bashin, mutane suka yi ta yaba masa. Amma mutum nawa ne ke da miliyoyin mabiya? Dai Wei mai kekunan haya na ofo shi ma an sa masa takunkumi a ƙarshen 2018, Jia Yueting na kamfanin fasaha na LeEco kuwa da bashi ya yi masa katutu tun 2017 ya haye Amurka.

A Amurka da Ingila mutum na iya zuwa kotu ya ce na karye, a ƙwace abin da za a ƙwace, bayan wani lokaci a yafe sauran ya sake sabon lale. Chaina tana da dokar karayar kamfani amma ta daɗe ba ta da ta karayar mutum ɗaya. Birnin Shenzhen ne ya fara gwadawa a watan Maris na 2021, kuma ko a can tantancewar da tsauri. Su ma matasan da ke kafa kamfanonin fasaha da kuɗin masu zuba jari ba su tsira ba, don yawancin yarjejeniyoyin akwai sharaɗin cewa in kamfani bai shiga kasuwar hannun jari ba zuwa shekara kaza, wanda ya kafa shi zai mayar da kuɗin har da ruwa. Sunansa zuba jari, amma in ka duba da kyau bashi ne. Lokacin da kasuwa ke garawa ba wanda ke tuna wannan layin, da abubuwa suka tsaya a 'yan shekarun nan sai ga masu jari suna maka su a kotu.

Na biyu, hukuma. Nan labarin Jack Ma, wanda ya kafa kamfanin cinikin intanet na Alibaba, ya ishi misali. Ranar 24 ga Oktoba 2020 ya yi jawabi a Shanghai ya soki yadda ake kula da harkar kuɗi, ya ce bankuna na da tunanin masu karɓar jingina. Ranar 3 ga Nuwamba, saura kwana biyu kamfaninsa na hada-hadar kuɗi, Ant, ya shiga kasuwar hannun jari ya tara sama da dala biliyan 34, aka dakatar da komai. Mutumin da kullum yana kan dandamali sai aka daina ganinsa na watanni, a Afrilun 2021 kuma aka ci tarar Alibaba yuan biliyan 18.2. Cikin ɗan lokaci manya suka yi ta sauka daga kujerunsu, Colin Huang na Pinduoduo, Zhang Yiming mai ByteDance uwar TikTok, dukkansu ba su tsufa ba. Da gwamnati ta ɗaga taken wadata ta bai ɗaya a 2021 kuwa, wato a rage giɓin da ke tsakanin mai kuɗi da talaka, sai ga Alibaba ta yi alƙawarin yuan biliyan 100, Tencent ma ta fito da nata, kowa na gudun kar a ce shi ne marowaci.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Yu Minhong mai New Oriental, babban kamfanin koyar da ɗalibai darussan bayan makaranta. A Yulin 2021 aka wayi gari da dokar hana cin riba da darussan bayan makaranta, sana'ar da ya shekara kusan 30 yana ginawa. Shi da kansa ya faɗa, a shekarar darajar kamfanin ta zube da kashi 90, ya sallami ma'aikata dubu 60. Kujeru da teburan azuzuwan ya kyautar wa makarantun karkara, malamansa suka koma sayar da shinkafa da kayan gona a bidiyon kai tsaye suna yi suna koyar da Turanci. Dokar tana da hujjarta, iyaye sun gaji da kashe kuɗi yara sun gaji da karatu ba hutu, amma a wajen mai kamfani darasin ɗaya ne, ba gasa ce ta kayar da shi ba, ba kuskurensa ba ne, takarda ce guda. Haka kullen korona na Shanghai a 2022, wata biyu masana'antu da shaguna a rufe, haya da albashi kuwa ba su tsaya ba.

Akwai kuma wanda ya fi asarar kuɗi, wato a zo a tafi da kai. Sun Dawu, mai babban kamfanin noma da kiwo a Hebei wanda ya gina wa ma'aikatansa asibiti da makaranta, kuma bakinsa ba ya shiru, shekara 18 aka yanke masa a 2021. Bao Fan na China Renaissance, dillalin manyan cinikayyar kamfanonin fasaha, ya ɓace a Fabrairun 2023, sai daga baya kamfaninsa ya ce yana ba hukuma haɗin kai a wani bincike. Ba wai duk wanda aka kama mai gaskiya ba ne fa, Hui Ka Yan na kamfanin gina gidaje na Evergrande da aka tsare a 2023 ya bar bashin sama da dala biliyan 300 da ɗimbin mutanen da suka biya kuɗin gida ba su samu gida ba, wannan ba wanda zai yi masa kuka. Matsalar ita ce a shekarun da aka yi ana gudu, dokoki ba su cika ba, kusan kowa ya taɓa bi ta wata ɓarauniyar hanya, ko wajen samun fili ko lasisi ko haraji, to kowa na da fayil, sai dai ba a buɗe ba. Jami'in da ya taimake ka shekara goma baya in hukumar yaƙi da cin hanci ta kama shi yau, kai ma ka fara haɗa jaka.

Sabon salo kuma ya ɓullo da kuɗin ƙananan gwamnatoci ya ja baya. Da sayar da filaye suke rayuwa, a 2021 sun samu wajen yuan tiriliyan 8.7, zuwa 2024 abin ya faɗo ƙasa da tiriliyan 5. Sai wasu suka koma tara da ƙwace, 'yan sandan wani lardi mai talauci su tsallaka lardi mai arziki kamar Guangdong ko Zhejiang su kama mai kamfani, su rufe asusunsa, sai an biya. Abin ya yi ƙamari har firaminista Li Qiang ya fito a ƙarshen 2024 ya ce a daina. Wannan ya fi taɓa matsakaitan 'yan kasuwa, waɗanda ba su da sunan da jarida za ta yi ihu a kansu.

Shi ya sa sanayya take da tsada a can. Cin abincin dare da jami'ai da manyan kwastomomi ba shaƙatawa ba ce, aiki ne, kuma da giya ake yi, farar giyarsu mai ƙarfi irin su Moutai da ta kai kashi 53, wanda ya ƙi sha kamar ya raina mutane ne. Hanta da hawan jini ke biyan kuɗin. Tun 2012 da aka fara matsa wa jami'ai kan liyafa abin ya ragu, sai dai wasu 'yan kasuwar na kukan cewa yanzu jami'in tsoron ganinsu ma yake, ba ya karɓa kuma ba ya sa hannu.

Maganar yawan aiki ba zan ja ta ba. Tsarin tara na safe zuwa tara na dare kwana shida a mako, wanda Jack Ma ya kira alheri a 2019 kuma kotun ƙoli ta ce ya saɓa doka a 2021, masu kamfanin kansu sun fi haka yi. Zhang Rui da ya kafa manhajar ganin likita ta Chunyu ya rasu da bugun zuciya a 2016 yana da shekara 44. Ren Zhengfei na Huawei da Charles Zhang na Sohu duk sun fito sun ce sun yi fama da ciwon damuwa mai tsanani, kuma ba ƙaramin abu ba ne babban mutum ya faɗi haka a wurin da kare mutunci ya fi komai, ga tsoron kar banki da ma'aikata su ji oga ba shi da lafiya. Amma mutanen nan sun saba da wahala, da yawansu da yunwa suka taso. Wahalar da ake ganin ribarta ba ta kashe zuciya. Abin da ya canja shi ne ribar. Gasa ta kai kowa na karya farashi don ya kashe ɗan uwansa, farashin kaya daga masana'anta ya yi ta sauka tun ƙarshen 2022, manhajojin sayayya kuma na matse masu kaya, har a Yulin 2024 ɗaruruwan masu sayarwa suka yi cincirindo a ofishin Temu da ke Guangzhou kan tarar da ake yanka musu. A Afrilun 2025 harajin Amurka kan kayan Chaina ya kai kashi 145 kafin a sassauta a watan Mayu. Arahar da muke murna da ita in kwantena ta iso, wani ne can yake aikin awa 14 a kan ribar da ba ta taka kara ta karya ba.

To me ke riƙe su? Dangi da 'yan gari ɗaya, da farko. Mutanen Wenzhou da na Chaoshan da na Fujian duk inda suka je suna da ƙungiyar 'yan garinsu, su ranta wa juna, su nuna wa sabon zuwa hanya, ko a Legas ko a Milan. Sai dai kuɗin dangi in ya narke kunyarsa ta fi ta banki, mutum sai ya kasa zuwa gida bikin sabuwar shekara. Wasu addini suke kamawa, Cao Dewang mai gilashin mota na Fuyao ɗan Buddha ne kuma ya zuba yuan biliyan 10 ya gina jami'a, a Wenzhou akwai masu masana'antu Kiristoci da yawa da ke gina coci. Wasu hawan dutse, Wang Shi na Vanke sau biyu yana hawa Everest. Wasu kuwa maganinsu fasfo ne, a kai mata da yara Singafo ko Japan ko Kanada, a sayi gida, shi ya zauna yana juya kamfani. Ko wannan ma da wuya, don a hukumance dala dubu 50 kacal mutum zai iya canzawa a shekara. Hankali ya ɗan kwanta ta gefe guda, ta ɗaya gefen kuma ga magidanci shi kaɗai a ɗakin da ke saman masana'anta yana ganin 'ya'yansa ta waya.

Gwamnati ta san da duk wannan. Ranar 17 ga Fabrairu 2025 Xi Jinping ya tara manyan 'yan kasuwa a Beijing, aka ga Jack Ma a sahun gaba, ga Ren Zhengfei, ga Lei Jun na Xiaomi, ga Liang Wenfeng na DeepSeek. A watan Mayu dokar bunƙasa kamfanoni masu zaman kansu ta fara aiki, ta hana tara ba bisa ƙa'ida ba da ƙwace dukiya barkatai. Abu ne mai kyau, amma irin wannan taron an yi shi a Nuwamban 2018, bayan shekara biyu kuma aka dakatar da Ant. Ɗan kasuwa ba jawabi yake saurare ba, yana jira ne ya ga ranar da zai kai ƙaramar hukuma kotu ya yi nasara kuma a biya shi.

Ni inda nake duba gaskiyar lamarin shi ne wajen 'ya'yansu. Waɗanda suka kafa masana'antu a shekarun 1980 da 1990 yanzu sun tsufa, ga dokar ɗa ɗaya da ta yi aiki daga 1980 zuwa 2015, wato da yawa magaji ɗaya gare su, in ya ce ba ya so shi ke nan. Ko inda magajin ya karɓa ba a rasa rigima, Zong Qinghou mai kamfanin kayan sha na Wahaha ya rasu a Fabrairun 2024, 'yarsa Zong Fuli ta hau kujera, kafin a je ko'ina sai ga shari'ar gado a kotu. Yaran da suka yi karatu a waje sun taso suna kallon uba yana dawowa a buge tsakar dare, gida na jingine a banki, waya na ƙara ya firgita, da yawansu sun gwammace aikin ofis. A jarrabawar shiga aikin gwamnatin tsakiya da aka yi a ƙarshen 2024, sama da mutum miliyan 3 ne suka yi rajista, gurabe kuwa ba su kai dubu 40 ba.